Taurarin Yumɓu na Tudun Aduwa

Tun da na dawo daga ƙetaren iyaka ban huta da tambaya ba. A ofishin malamai a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai sayar mini da manja sai da ta riƙe kwalbar ta ce ba ta saki sai na gaya mata yadda hanya take. Wasu don Allah suke tambaya, wasu don su samu na kaiwa gaba, kuma duk na san su. To, na gaji da maimaitawa. Ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya, duk wanda ya sake tare ni in miƙa masa takarda.

Abin da ya kai ni ba ɓoyayye ba ne, Inna na je ɗaukowa. Shekara guda ke nan da 'yan watanni tun da mutanen daji suka shiga ƙauyenmu da ke bayan Gatawa, kowa ya yi ta kansa. Ƙannena biyu suka yo Sabon Birni. Inna kuwa ta bi ayarin da ya yi arewa, ta tsallaka Nijar wurin ƙanwarta Iya Hurera, wadda ke aure a wani ƙauye da ake kira Tudun Aduwa. Duk wanda ya je ya dawo magana ɗaya yake kawowa: tsohuwa ta rame, ba ta cin abinci, wuni take zaune jikin danga tana kallon ƙasa. Matar da rabin randunan yankinmu hannunta ne ya gina su, an ce tun da ta tafi ba ta taɓa yumɓu ba. Na sa aka gyara mata ɗaki a gidana na Isa, maigidana ya ce ya yi daidai, ƙannena suka ce ni ce babba, ni zan je. Na ɗaura niyyar ko ana ha-maza-ha-mata da ita zan dawo.

Sai dai akwai abin da ƙannen nawa suka manta, ko suka yi kamar sun manta. Ni ce 'yar fari. A wajen su Inna, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa magana kai tsaye, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka miƙa ni ga gwaggona a Isa, can na girma, na yi boko, na zama malamar firamare. Shekarata arba'in da uku ban taɓa jin Kulu a bakin uwata ba, sai dai "waccan" ko "ta Isa". Wadda ba a yi wa magana ita aka tura ta yi lallashi. Amma na karɓa da sauri, kuma in faɗi gaskiya ba tausayi kaɗai ya sa ba. Ina so sau ɗaya a duniya Inna ta zauna a gidana, ta ci tuwon da na tuƙa, masu wucewa su ce ga uwar Malama Kulu.

Ana ba da hutun ƙarshen shekara na kama hanya, lokacin sanyi ya fara cizo. A da, Isa zuwa Sabon Birni tafiya ce da mutum zai yi ya dawo ya tarar da tuwonsa da ɗumi. Yanzu sai ranar kasuwa, sai rana ta ɗaga, sai motoci sun taru sun tafi a jere. Mu tara aka cusa a ƙaramar mota. Kayana bargo ne, da turmin atamfa, da ƙullin daddawa, da wata ƙatuwar kula ja ta roba mai riƙe sanyin ruwa, wadda na saya wa Inna ina ta yaba wa kaina.

A damana wata mata ce mai sayar da kuka, wadda tun daga tasha take ba ni labarin surukarta ban tambaye ta ba. A haguna wani dattijo ne da ya rungume wani abu cikin babbar riga. Da muka iso inda kowa ya sani, inda daji ya matso bakin titi, direba ya kashe rediyo. Mai kuka ta yi tsit. Ba ka jin komai sai ƙarar taya da motsin leɓɓa. Muna tsakiyar wannan shirun ne zakara ya yi cara daga cikin rigar dattijo, da iyakar ƙarfinsa, daidai kunnena. Mai kuka ta ƙwalla salati ta damƙe cinyata, direba ya kusa sauka daga titi.

"Baba, ka kashe mu!" in ji direba.

"Ku yi haƙuri," in ji dattijon yana cusa kan zakaran ciki. "Shi bai san halin da ƙasa take ciki ba."

Muka yi dariya har da hawaye, irin dariyar da tsoro ke haifarwa. Ni ban gama tawa ba muka zo mararrabar da ke shiga ƙauyenmu. Ciyawa ta cinye hanyar, ko sawun jaki babu. Na kau da kai na shiga gyaran mayafi.

A Sabon Birni na kwana wurin ƙanena Sanusi, a ɗaki ɗaya da suke ciki shi da matarsa da 'ya'ya uku, bayan shagon da yake gyaran babur. Matarsa ta yi mini hoce da miyar sure, na ci na ƙoshi. Sanusi ya tsuguna gabana yana ba ni umarni kamar shi ya riga ni zuwa duniya.

"Yaya, kak ki saurari komi. In tac ce a'a, ki ɗauki ƙunshinta ki aza bisa babur, za ta biyo shi."

"Kai mi yah hana ka tahiya, tunda ka iya?"

Ya sosa ƙeya. "Ni in tad dube ni sau guda, sai in ce to."

Da safe ya haɗa ni da wani mai babur abokinsa, siririn mutum mai suna Illo, wanda ya san hanyar iyaka. Aka ɗaure kula a baya, na hau. Wanda bai taɓa tafiyar awa biyu a kan babur cikin rairayi ba, kada ya ce mini ya san wahala. A wata busasshiyar ƙorama tayar gaba ta nutse, muka kife a hankali kamar an kwantar da mu. Ba wanda ya ji ciwo, amma murfin kula ya gangara, daddawa ta watse, na durƙusa ina tsince ta ɗaya bayan ɗaya ina hure yashi, Illo yana ta ba ni haƙuri yana danne dariya.

Ni da nake koya wa yara taswira, na ɗauka iyaka wata katanga ce da ƙofar ƙarfe. Igiya na tarar, an ɗaura ta daga jikin ganga zuwa kututturen bagaruwa, da rumfar kara, da jandarma biyu suna dafa shayi. Karan geron da ke wannan gefe shi ne a wancan. Babban cikin jandarman yana da tsagen Gobirawa irin na marigayi babanmu. Ya karɓi katina ya juya shi, ya buɗe kula, warin daddawa ya buge shi ya rufe da sauri.

"Madam, mi yak kawo ki ƙasarmu?"

"Za ni ɗauko uwata."

"Ta san kina tahe?"

Na ce a'a. Ya miƙo mini katin yana murmushi. "To Allah shi ba da sa'a. Tawa shekara ukku ni ka hwama ta baro ƙauye."

Mun shiga Tudun Aduwa da azahar. Babur ba ya shiga cikin gari saboda zurfin yashi, sai a tsaya a gindin wata tsamiya a ƙarasa da ƙafa. Iya Hurera ta tarye ni da guɗa, ta rungume ni, ta ce na yi ƙiba, ta ce na rame, duk a numfashi ɗaya. Sai na hango Inna. Tana nan inda aka ce, jikin danga, ta lulluɓa da wani tsohon zane. Na je na durƙusa na gaishe ta. Ta juya fuska wajen ƙanwarta.

"Hurera, tambayi baƙuwakki ƙaƙa tab baro yara."

Na amsa wa Iya cewa suna lafiya, kamar yadda muka saba. Amma idona yana kan hannuwan Inna. Hannuwan da na sani masu kauri, masu jijiya, sun koma kamar sillen kara. Na shiga ɗaki na yi kukana na fito.

Da la'asar na fito da tsaraba. Bargo ta shafa shi ta ajiye. Da aka zo kan kula, na tsaya ina bayani, yadda take riƙe sanyi, yadda ba ta fashewa. Inna ta jawo ta, ta leƙa ciki, ta shinshina, sannan ta ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa yadda take gwada tukunya.

"Hurera," ta ce, "wagga ba ta da murya."

A nan ne kawai na gane abin da na yi. Na ratso daji da iyaka na kawo wa maginiya randar roba. Iya ta yi dariya har ta riƙe ciki, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Mutanen can 'yan'uwanmu ne, harshe ɗaya, tsage ɗaya, amma suna da nasu. Makaranta lakwal ce, malami mushe, hutu kwanje. Fura ita ce karin kumallo, ita ce abincin rana, in ka yi wasa ita ce ta dare, kuma furarsu ta fi tamu, wannan ba zan yi musu ba. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, ranar da aka kawo shi daga Maradi yana da daɗi, washegari sai a jiƙa. Gaisuwarsu ba ta ƙarewa, sai an tambaye ka gajiya, da sanyi, da gida, da garin da ka baro, a koma kan gajiya. In na yi sauri a wani abu sai su ce, "Mutanen Najeriya, ina za ku ne haka?" A ɗakin ajiyar Iya aka yi mini shimfiɗa, tsakanin buhunan wake da wata akuya mai jego da aka shigar saboda sanyi. Mun saba da juna kafin in taho.

Kwana uku ina lallashi ta bakin Iya. Na faɗi ɗakin da aka gyara, na faɗi asibiti kusa, na faɗi jikokinta da ke tambayarta. Amsa ɗaya ce kullum: "Ki ce mata na ji." Wanda ya san tsofaffinmu ya san "na ji" ba i ba ce, ba kuma a'a ba ce. Raina ya fara ɓaci. Na fara tunanin shawarar Sanusi ba ta da laifi.

Rana ta huɗu Hajo ta dawo daga lakwal tana kuka. Hajo jikar Iya ce, 'yar shekara takwas, mai bakin tsiya. Ta kwance ɗankwalinta ta zazzage wasu gutsattsarin busasshiyar laka a tabarma. Wai Madam, malamar ajinsu, ce ta sa su yin taurari da yumɓu, za a rataya a itace ranar rufe makaranta, an shanya su, duk sun tsattsage, nata ya rabu uku.

Ban ga lokacin da Inna ta miƙo hannu ba. Ta ɗauki gutsure ɗaya, ta murƙushe shi tsakanin yatsu, ta shinshina, ta ɗan taɓa a harshe.

"Wa yak koya maku wagga ɓarna?"

"Madam ta," in ji Hajo tana jan hanci.

Inna ta dafa danga ta miƙe. Iya da ke tankaɗe ta saki rariya. Wata biyar, in ji ta daga baya, Inna ba ta taka ƙofar gida ba. Ta ɗaura zane ta ce wa Hajo ta wuce gaba, mu kuma muka bi su a baya kamar masu rakiyar amarya.

Madam Maryama ta ba ni mamaki. A wajenmu in an ce Kirista, sai ka kawo mutumin kudu mai kantin magani. Wannan kuwa Bagobira ce da tsagenta, kakanta mutumin Tibiri, Gobirancinta ya fi nawa. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna. Ta ce a gidansu in Kirsimeti ta zo sukan ƙawata itace da 'yan kayan ƙyalƙyali, amma a nan babu su, kuma rabin ajinta 'ya'yan waɗanda suka gudo ne daga wajenmu, yaran da ba su da ko abin wasa. Ta ga a wani littafi ana yi da yumɓu, shi ne ta ce kowane yaro ya yi nasa, a rataya ranar ba da kwanje, sannan ya tafi da shi gida ya shiga sabuwar shekara da abin hannunsa.

"Littahin yac ce a shanya ga rana?" in ji Inna.

"Bai ce komi ba, Inna."

"Yac ce a sa tsingaro?"

"Bai ce ba."

"To mai littahin bai taɓa gina ko kasko ba."

Na ja Iya gefe na raɗa mata ko ya dace, tunda abin ya shafi bikin Kirista. Ta dube ni sama da ƙasa. "Da layya wagga ɗiya ita ka soya muna nama tun sahe hal la'asar. Jikan liman ga shi can gaba-gaba. Ke dai kama tabarma." Inna sharaɗi ɗaya ta kafa, ban da siffar mutum. Madam ta ce ta yarda.

Daga nan makaranta ta koma hannun Inna. Ta tura manyan yara suka haƙo sabon yumɓu. Ta sa aka tattaro fasassun tukwane daga bayan gidaje, wato tsingaro, aka daka su a turmi suka zama gari, aka haɗa da yumɓun da ɗan ƙaiƙayi. Ta ce yumɓu tsura ba ya jure bushewa, sai da tsohuwar tukunya a cikinsa. Aka zuba ruwa, yara talatin da wani abu suka cire takalma suka shiga cuɗawa da ƙafa, suna ihun sanyi suna ƙin fitowa. Aka rufe shi da buhu ya kwana.

Washegari aka zauna gini. Inna ta nuna musu yadda ake fyaɗa curi a kan tabarma har saƙar tabarmar ta fito a jikinsa kamar ado, a yanka tauraro ko jinjirin wata da ɓawon kara, a huda da tsinke tun yana ɗanye don zare ya samu wurin shiga. Rabinsu sun manta hudar, tana bi tana ranƙwashi. 'Yan garin suka yi taurari da watanni da 'yan tulu. Amma yaran wajenmu, ba wanda ya ce musu, sai ga su suna gina rumbuna. Ƙananan rumbuna kamar ƙwan kaza, da wuyansu da murfinsu. Madam ta zo ta tsaya a kansu tana kallo.

Wata yarinya mai suna Balki ta ɗaga nata ta nuna wa Inna. "Namu ya hi wanga girma, Kaka. An sa mai wuta."

Inna ta karɓa, ta gyara masa wuya da babban yatsa yadda ake yi a ƙauyenmu, ta mayar mata. "Wanga ma za mu sa mai wuta," ta ce. "Amma shi ƙarhi za ta ƙara mai."

Ni ma na zauna cikin yara. Ɗiyar maginiya, ban taɓa gina ko murfi ba, don ba a gabanta na tashi ba. Na ɗauki curi na ce bari in yi rumbu. Ina dannawa yana baje wa, ina tattarowa yana tsagewa, 'yan shekara bakwai suna kallona suna ƙus-ƙus. Inna ta zo wucewa ta tsaya.

"Hajo, ce ma waccan ta sassauta hannu. Ba tuwo ta ka tuƙi ba."

Aka yi mini dariya. Na sassauta, bai yi ba. Sai kawai na ji an kama manyan yatsuna biyu. Inna ce ta sunkuyo, fuskarta tana wajen wasu yara, tana yi musu faɗan sun cika ruwa, hannuwanta kuwa suna kan nawa, suna juya su a hankali, yumɓun yana buɗewa yana tashi. Bai fi minti ɗaya ba ta saki ta wuce. Iya wayona ban tuna ranar da hannun uwata ya taɓa nawa ba sai ranar. Na ji daɗi, na ji haushin shekarun da suka wuce, duka biyu a lokaci guda, na sunkuyar da kai na ci gaba da shafa rumbuna don kada yara su ga idona. Da na gama na liƙe masa murfi ruf, na ajiye cikin na sauran.

Kwana uku suna bushewa a inuwa cikin aji, an rufe tagogi. Inna tana zuwa safe da yamma tana juya su. A kwanakin nan na ga ta shanye kwaryar fura ta nemi ƙari, na ga ta yi wa Iya faɗa a kan gishiri. Rana ta huɗu da hantsi aka yi tuya a bayan makaranta. Ta jera su cikin wata fasasshiyar randa don kada su ɓace a toka, aka lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, aka kunna. Yara sun yi da'ira, Madam tana korar su baya. Sau biyu muka ji fas, kowane yaro ya dafe ƙirji yana cewa ba nasa ba ne. Da wuta ta mutu ta tone su da sanda, wasu ta yayyafa musu ruwan bagaruwa tun da zafinsu suka koma baƙi mai sheƙi, sauran suka fito jajaye.

Nawa ya fito lafiya, karkatacce amma lafiya. Ina juya shi sai na ga wata 'yar huda a gindinsa, ta tsinke, wadda ba ni na yi ba. Na nuna wa Iya.

"Abin da anka liƙe ruf, in ba a huda shi ba hwashewa shi ka yi cikin wuta," ta ce.

"Wa yah huda?"

"Ni ban ga kowa ba."

Ranar rufe makaranta aka saro reshen aduwa, aka rasa abin da za a kafa shi a ciki, sai ga Hajo ta kinkimo kulata ja. Aka cika ta da yashi aka dasa reshen, kuma wallahi ta yi kyau a wurin. Ƙayoyin aduwa suka zama maratayi. Kowane yaro ya zo ya rataya nasa da zaren buhu, in iska ta kaɗa sai ka ji suna taɓa juna, ƙil-ƙil. Yara suka yi waƙa da Faransanci, ba abin da na fahimta, na tafa. Iyaye sun zo da yawa, har da matan wajenmu. Wata ta ɗaga wani ɗan tulu ta duba bakinsa ta ce, "Wanga hannun maginiyar bayan Gatawa na!" Kafin a watse mata sun kewaye Inna, wannan tana son randa, wannan kaskon tuya, wannan tana cewa tukwanen kasuwa ba su kai wata biyu.

Da muka koma gida da la'asar, ban ko tayar da maganar ba, Inna ta ce, "Hurera, ce mata za ni bi ta. Ta yi ɗawainiya. Ba ni kunyata ta gaban ƙannenta."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Na aika wa Illo ya zo da babur biyu.

Da safe ya iso, ya bar baburan a gindin tsamiya ya shigo ɗaukar kaya. Inna ta ɗaure ƙunshinta ta ɗora a cinya. Muna cikin sallama sai ga yara a ƙofar gida, sun fi goma, kowanne da ƙwarya a ka. Yumɓu ne suka haƙo da kansu. Balki ce a gaba.

"Kaka, mun daka tsingaron tun jiya. Yau tulu za ki koya muna."

Ba wanda ya gaya musu Inna za ta tafi. Iya ta juya baya ta shiga gyaran murhun da ba abin da ya same shi. Inna ta sa aka kira Madam, ta shiga yi mata bayani da sauri-sauri, awo nawa na yumɓu, awo nawa na tsingaro, kada a bari iska ta buge shi, kamar mai barin wasiyya. Tana magana hannunta yana tafiya wajen ƙwaryar Balki yana dawowa. Da ta gama ta rungume ƙunshinta, ta sa ido a ƙasa. Zaman da na tarar da ita ranar da na zo, shi ne ya dawo, ban ko fitar da ita daga gidan ba.

Na tsaya ina tuna gidana. Siminti ne tun daga ƙofa har bayi. Ramin yumɓun Isa yana bayan gari, inda yanzu ko maza ba su zuwa. Zan ba ta katifa da maganin asibiti da tuwo sau uku, ta samu bango ta jingina. Na san haka, kuma duk da na sani ina son in tafi da ita. Na ji haushin yaran, na ji haushin Madam da littafinta, na fi jin haushin kaina. Sannan na sunkuya na ɗauke ƙunshin daga cinyarta, na kai shi ɗaki na ajiye, na fito na ce wa Illo ya sallami babur ɗaya.

Na durƙusa gabanta, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi mata magana ba ta bakin kowa ba.

"Inna, ki zauna. Ni za ni riƙa zowa."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Hurera, Sanusi za shi yi mata hwaɗa."

"Ni ta babba," na ce.

Faɗan kuwa ya yi shi, mako guda bai ɗauki wayata ba, kuma masu cewa na je na kasa ba su yi ƙarya ba. Amma wannan duk daga baya ne.

Iya da yaran suka ɗauki jakata za su raka ni gindin tsamiya. Uwa ba ta yi wa ɗan fari rakiya, don haka na yi wa Inna sallama a tsakar gida na fita. Mun ɗan yi nisa sai na ji Hajo tana dariya ƙasa-ƙasa. Na waiga. Inna ce tafe a bayanmu, taku goma tsakani, da ƙwarya a hannu, tana gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa ramin yumɓu za ta dubo. Muka ratsa gari tana biye. Da muka isa tsamiya ta tsaya can gefe, ta juya mana baya rabi, tana duban sama kamar mai neman hadari a tsakiyar sanyi.

Na hau babur. Illo ya tayar, sannan ya ɗan karkato kai ya yi ƙasa da murya.

"Malama, ramin yumɓun garin ga gabas shike hwa. Nan yamma ta."

"Na sani," na ce. "Ja mu tahi."

Ina waige har muka sha kwana. Iya da yara sun juya gida, ita tana nan tsaye da ƙwaryarta ba komai a ciki.